Rautarka Ba Famfon Gwamnati Ba Ce

'Yan uwa mazauna Mubi da kewaye, da ma masu leƙo wannan shafi daga Hong, Gombi, Michika, Maiha da sauran garuruwan da neman abinci ya kai mu. An kwana biyu ba ku ji ni ba. Yau dai na zo da magana mai ɗan ɗaci, kuma na san wasu daga cikin dattawanmu ba za su ji daɗinta ba, to amma a yi mini haƙuri, domin abin ya kai inda shiru ba zai yi magani ba.

Maganar ita ce ta wannan 'yar na'ura da ta cika shagunanmu da gidajenmu, wadda ake sa mata layin waya ta riƙa raba intanet ga wayoyi da kwamfutoci, wato rauta, ko ƙanwarta ta aljihu da ake kira MiFi. Duk majalisar da ka zauna, daga Kolere zuwa Sabon Layi, daga Lokuwa zuwa Wuro Gude, kukan ɗaya ne: kamfani yana sace mana data. Na sa ta wata guda ta ƙare a mako guda. Ɓarayi ne, Allah ya isa. Ni kuwa abin da nake cewa shi ne, idan ɓera na da sata, to daddawa ma na da wari. Mafi yawan datar da muke yi wa Allah ya isa ba wanda ya sace ta, mu ne muka buɗe ƙofa muka yi sadaka da ita, sadakar da babu niyya a cikinta balle a sa ran lada.

Bari in ba ku labarin abin da ya sa na ɗauki alƙalami, don kada a ce na zauna ne kawai ina yi wa mutane shaguɓe.

A layin shagunan da nake zama, mu bakwai ne muka yi karo-karo muka sayi rauta babba, irin wadda ake jonawa da wuta. Dalilinmu mai kyau ne. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon shekarar 2023 ciniki ya koma tiransifa, kowa na buƙatar sabis mai ƙarfi don ya ga alat kafin ya saki kaya, kuma mun yi lissafi mun ga sayen data mai yawa wuri guda ya fi sauƙi a kan kowa ya riƙa sayen ƙanana kullum. Aka ajiye na'urar a shagon babbanmu, wani Alhaji da kowa ke ganin girmansa. Wata na farko data ta ƙare a kwana tara. Aka ce kamfani ne. Aka sake haɗa kuɗi, ta ƙare a kwana goma sha ɗaya. Daga nan sai zargi ya bar kamfani ya dawo cikin gida. Ɗaya daga cikinmu ya furta cewa 'ya'yan Alhaji ne ke kwana kallon ƙwallo da ita, maganar ta koma kunnen Alhaji, shi ke nan mutum biyu da suka fito daga gari ɗaya a ƙasar Katsina, suka yi sama da shekara talatin suna cin abinci a kwano ɗaya, suka gudu tare a ƙafa a 2014, suka wayi gari ba sa gaisawa. A kan data! A cikin wannan makon ne kuma 'yar ɗaya daga cikinsu ke da rajistar makaranta da za a rufe, sai da aka kai ta kafe aka biya kuɗi aka bi layi, alhali ubanta ya riga ya biya kuɗin intanet na wata.

Da abin ya ishe ni, sai na nemi izini na shiga cikin na'urar da wayata. Abin da na gani ya sa na riƙe baki. Wayoyi da kwamfutoci ashirin da uku ne ke jone a lokacin, alhali duk namu idan aka haɗa goma sha ɗaya ne.

Na ce, "Baba Alhaji, wa ya zaɓi lambar sirrin nan?"

Ya ce, "Yaron da ya haɗa mana ne ya ce in ba shi abin da ba zan manta ba."

"To me kuka ba shi?"

"Lambar wayata mana."

Na fita waje na ɗaga kai. Ga lambar nan ɓaro-ɓaro da jan fenti a jikin allon shago, ƙarƙashin sunansa. Duk ɗan acaɓa, duk mai shayi, duk yaron da ya taɓa ji daga bakin wani, ya san cewa mabuɗin rumbunmu a rataye yake a ƙofar rumbun. 'Ya'yan Alhaji kuwa da aka yi wa ƙazafi, ko ɗaya babu a cikin jerin.

Yanzu ina tambayar mai karatu, tsakaninka da Allah: ka taɓa shiga cikin rautarka? Ka ma san ana shiga? Na tambayi mutane da dama a 'yan kwanakin nan, kuma amsar da na fi samu ita ce, "ai yaro ne ya haɗa mini." Wannan ita ce cutar. Mutumin da ya san adadin buhunan da ke cikin sito ko a cikin barci aka tashe shi, mutumin da ba ya ba ɗan cikinsa makullin durowar kuɗi, shi ne zai sayi na'urar da kuɗinsa ke bi ta cikinta kowace rana ya miƙa wa yaron kasuwa, ko sunan uban yaron bai sani ba, ya ce haɗa mini.

Abin kuwa ba wani karatun jami'a ba ne. Kowace rauta makulli biyu gare ta. Na farko shi ne wanda kowa ya sani, lambar sirrin da ake sawa a waya don a hau wayifai. Na biyu shi ne na ɗakin maigida, kuma shi ne ba wanda ke kula da shi. Idan ka juya na'urar, ko ka cire murfin batir idan ta aljihu ce, za ka ga 'yar takarda a manne, a kanta akwai wasu lambobi kamar 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na kamfanin Huawei galibi 192.168.8.1. Ka jona wayarka da rautar, ka rubuta waɗannan lambobi a wurin da ake rubuta adireshin shafi, sai ƙofa ta bayyana tana neman suna da kalmar sirri. A na'urori masu yawa sunan admin ne, kalmar sirrin ma admin, haka aka fito da su daga masana'anta, kuma haka muke barinsu har su mutu. Duk yaron da ya san wannan, kuma ka tabbata sun sani, zai iya shiga ya canza abin da ya ga dama, har ya kore ka daga kayanka. A cikin wannan ɗaki ne za ka ga sunan kowace waya da ke shan datarka a wannan lokaci, ka ga yawan abin da aka sha, ka kori wanda ba ka sani ba, ka canza lambar sirri, ka ma rubuta jerin wayoyin da ka yarda da su ta yadda ko mutum ya san lambar ba zai shiga ba. Minti goma ya isa a koya wa mutum. Na koya wa Alhaji, wanda bai taɓa zama a ajin boko ba, kuma ya iya.

Wani zai ce, ni ai ban ba kowa lambata ba sai ƙanena, kuma da hannuna na sa masa, bai gani ba. Malam, wannan zamani ya wuce. Tun daga Android 10 da ta fito a 2019, duk wayar da ta hau wayifai tana iya fitar da wani hoton ɗige-ɗige da ake kira QR, wani ya haska da tasa wayar ya shige ba tare da ya rubuta ko harafi ɗaya ba. Ƙanenka ya ba abokinsa, abokin ya ba nasa abokin, kafin la'asar unguwa ta ɗauka. Akwai kuma wani maɓalli a jikin rauta da aka rubuta WPS, wanda duk ya samu damar dannawa zai shiga ba da lambar sirri ba, ga kuma ɗan ramin da ake sa tsinke a mayar da na'urar yadda ta fito daga kanti. Shi ya sa rauta ba abin ajiyewa a kan benci ba ce. Lambar sirri kuma ba ta kasa harufa takwas, amma ka sa goma sha biyu, ka cakuɗa harufa da lambobi, ka bar lambar waya da sunan ɗan fari da 12345678. Ka riƙa canza ta duk sanda ka sa sabuwar data. Ka rubuta a littafin bashi idan kana tsoron mantuwa, tunda shi dai na san ba ka barinsa a fili.

To amma ko da ka kori baƙi gaba ɗaya, akwai ɓarawon da ke cikin aljihunka, kuma wannan ne nake so a fahimta da kyau, domin a nan ne ake yi wa kamfanoni ƙazafi mafi yawa. Waɗannan wayoyi da kwamfutoci an ƙera su ne da tunanin ƙasashen da ake jan intanet zuwa gida ta waya, a biya kuɗi ɗaya a wata a sha iyakar sha, irin su Amurka da Ingila. Saboda haka an koya wa waya cewa datar layi tsada gare ta, a yi tattali, amma wayifai kyauta ne. Duk wani aiki mai nauyi sai ta ajiye shi tana jiran ta ji ƙamshin wayifai. Da zarar ka jona ta da rautarka sai ta ce to ga banza ta faɗi: manhajoji talatin su fara sabunta kansu, hotuna da bidiyon da ka ɗauka a wurin biki su fara hawa ma'ajiyar Google, WhatsApp ya fara sauke duk wani abin da aka turo a zaure ko ka buɗe ko ba ka buɗe ba. Ita wayar ba ta san cewa wannan wayifai ɗin layi ne a cikinsa, irin wanda ke cikinta, kuma da kuɗin gumi aka saye shi ba. Kwamfuta mai Windows ta fi muni, domin sabuntawa ɗaya na iya lashe giga da yawa kana zaune kana shan shayi. Kai kuma ka duba ka ce wallahi ban taɓa komai ba. Gaskiya ka faɗa, ba ka taɓa ba. Amma an sha, kuma a gidanka aka sha.

Maganinsa yana nan cikin saitin wayifai na kowace waya da kwamfuta, wurin da za ka shaida mata cewa wannan layi na awo ne, da Turanci suna rubuta metered. Ka kunna shi, ka shiga WhatsApp ka hana shi sauke bidiyo da kansa, ka hana manhajoji sabunta kansu sai ka ba da izini. Ka kuma san cewa bidiyo shi ne giwar cin data. Saƙon rubutu na wata guda bai kai abin da bidiyon 'yan mintoci ke ci ba, kuma awa ɗaya ta kallo mai tsabta sosai tana iya cin giga ɗaya har zuwa uku. Yanzu ka lissafa zaurukanmu na 'yan asalin gari kaza da ƙungiyar 'yan kasuwa kaza, inda mutum ɗaya zai turo bidiyon kamu da na ɗaurin aure da na walima, wani ya sake turo shi a wani zauren, wayoyi goma sha ɗaya a kan rauta ɗaya kowacce ta sauke nata. Abu ɗaya an biya shi sau goma sha ɗaya. Ina ɓarawon a nan?

Abin da ke ba ni mamaki shi ne mu ɗin nan ba haka muka fara ba. Waɗanda suka ga zuwan wayar salula a 2001 za su tuna lokacin da layi kaɗai ke kai wa N20,000, ana cajin N50 a minti ko da gaisuwa kawai ka yi ka kashe. Sai da Glo ya zo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa sannan aka ɗan numfasa. A lokacin kowa malamin lissafi ne. Mutum na magana idonsa na kan agogo, yana kai daƙiƙa hamsin da tara ya datse, ko sallama babu. Mu ne muka ƙware a filashin. Yau kuma mutumin nan ne ke zuba dubbai a cikin na'ura bai san ko giga nawa ya saya ba, bai san nawa ya rage ba, sai dai ya ji ta tsaya.

Na san abin da za a ce, domin an riga an faɗa mini a fuska. An ce, Malam, wannan ai rowa kake koya wa mutane. Mu baƙi ne a garin nan, da kyakkyawar mu'amala muka zauna da Fali da Gude da Fulani da Margi da Higgi, ta yaya maƙwabci zai ce ba ni lamba in ce a'a? Wannan magana tana da nauyi, ba zan yi mata dariya ba. Zaman da iyayenmu suka yi a nan tun Mubi tana hedikwatar Lardin Sardauna, bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 da ta shigo da wannan yanki cikin Nijeriya, wasu ma tun kafin haka, ba da ƙarfi suka yi shi ba, da alheri ne da riƙon amana.

Amma a tuna yadda suka yi alherin. Ku dubi fatoma a harkar shanu, sana'ar da ta ɗaukaka sunan kasuwar garin nan. Baƙo zai sauka a gidansa daga Kamaru ko Chadi, ya ba shi ɗaki, ya ba shi abinci, ya tsaya masa a ciniki, ya ajiye masa kuɗinsa. Akwai karamcin da ya wuce wannan? To amma ka taɓa jin fatoman da bai san adadin baƙin da suka kwana a gidansa ba? Ka taɓa jin wanda bai ƙirga shanun da aka damƙa masa ba, ko wanda ya ji kunyar karɓar la'adarsa? Da sun yi haka da ba su kai shekara ba. Karamcinsu ya ɗore ne saboda akwai lissafi a ƙarƙashinsa. Abin da muke yi da rauta ba karamci ba ne, sakaci ne da muka sa wa rawani. Kuma gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Ni ban ce kada a ba kowa ba. Ina da maƙwabta ɗalibai, wasu na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wasu na Jami'ar Jihar Adamawa da ke nan garin, kuma na san yadda yaro ke shiga damuwa idan zai tura aiki ko zai biya kuɗin makaranta ta intanet ba shi da data. Irin wannan ka kira shi da kanka ka ba shi. Rautoci da yawa suna da wurin buɗe layin baƙi daban, mai nasa suna da nasa lambar sirri, ka buɗe idan ka so ka rufe idan ka so. Ka san wa ka ba, ka san don me, shi ma ya san alheri aka yi masa ya gode. Wannan daban yake da ƙato ya jingina da bangon shagonka tun safe yana kallon raye-raye a TikTok da kuɗin cefanen gidanka, idan ta ƙare ma ya yi tsaki ya ce rautar Alhaji ba ta da kyau. Kunyar mara kunya asara ce. Idan kuma na haɗaka ce irin tamu, to abin ya ma wuce batun kunya, domin abin da kake kyauta da shi ba naka ba ne kai kaɗai, haƙƙin mutum shida ne ka raba ba da izininsu ba.

Akwai kuma abin da ya fi asarar kuɗi. Layin da ke cikin rautar nan da sunan wa aka yi masa rajista? Tun Disamba 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN, kuma layin rauta ma layi ne. Idan da sunanka yake, to duk wanda ya hau ya yi damfara ko ya aika wa wani barazana, in aka biyo sawu ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa, sai ka yi bayanin mutum ashirin da ba ka san su ba. Mu da muke zaune a bakin iyaka, a yankin da jami'an tsaro ba sa wasa da irin wannan, kuma ake mana kallon 'yan zuwa duk daɗewarmu, bai kamata a ce sai an tuna mana ba. Idan kuma da sunan yaron da ya sayar maka yake, ranar da layin ya samu matsala ko aka rufe shi, ba ka da bakin magana a ofishin kamfani, datar da ke ciki kuma ta tafi. Na ga ma waɗanda ke cire layinsu na banki su sa a rauta don wai shi ke da garaɓasa. Subhanallahi. Duk saƙon da ya shigo wannan layi, har da lambobin da banki ke turowa don tabbatar da fitar kuɗi, ana karanta shi a ɗakin nan da na ce kalmar sirrinsa admin ce.

Batun sabis kuwa ba zan daɗe a kansa ba. Ka kulle rauta a cikin akwatin ƙarfe, a cikin shagon kwano, don tsoron ɓarayi, sannan ka ce ba ta ja. Ƙarfe na tare sabis. A ɗaga ta sama kusa da taga, ta ɓangaren da ƙarfen sabis yake, a gwada wuri biyu ko uku, musamman ga na gefen gari inda duwatsun Mandara ke tare hanya. Ta aljihu kuma a daina barinta a caji dare da rana cikin zafin Maris da Afrilu, batirin ne ke kumbura har ya ɗaga murfi. Ranar kasuwar shanu za ka ga sabis a cike amma abu ba ya tafiya, wannan ba laifin na'urarka ba ne, dubban mutane ne suka taru a kan ƙarfe ɗaya kamar rijiya ɗaya a zango. Masu kai kaya ta Sahuda kuma su duba kada a bar na'urar a buɗe ta kama sabis ɗin Kamaru, domin kuɗin yawo a layin wata ƙasa daban yake.

Kada wani ya ɗauka na zama lauyan kamfanoni. Ba su biya ni ba, kuma ba waliyyai ba ne. A Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince musu su ƙara kuɗi har zuwa kashi 50 cikin 100, kowa ya ji a jikinsa. Abin da ake tallatawa da sunan data mara iyaka, idan ka karanta ƙananan rubutun za ka tarar yawanci akwai iyakar da in ka kai za a rage maka gudu. Akwai tsarin da ke sabunta kansa ya cire kuɗi ba ka shirya ba, akwai garaɓasar da ba ta aiki sai tsakar dare, akwai ranakun da sabis zai ɗauke amma kwanakin datarka na tafiya. Duk wannan gaskiya ne, kuma akwai inda ake kai kuka. Tun 2023 aka daidaita lambobi a duk layuka: *323# don duba ragowar data, *312# don saye, 300 don magana da kamfani, idan ba su saurare ka ba kuma ka kira 622, layin ƙorafi na NCC, kyauta ne. To amma da me za ka je? Idan aka tambaye ka giga nawa ka saya, ranar yaushe, wayoyi nawa ke kai, nawa na'urarka ta nuna an sha, ka ce ai ni dai na ga ta ƙare, wa zai saurare ka? Ko a gaban sarkin kasuwa ba a shari'ar bashi da "ina ji". Wanda ya rufe ƙofarsa, ya rubuta lissafinsa, shi ne ke da bakin cewa an cuce shi, kuma irinsa ne kamfani ke tsoro. Allah ya isa a majalisa ba ta taɓa dawo da mega ɗaya ba.

Kuma a duk faɗin ƙasar nan, mu ne bai kamata mu yi wasa da wannan abu ba, domin mun san ranar rashinsa. Bayan dokar ta-ɓaci da Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa a Borno, Yobe da Adamawa ranar 14 ga Mayu 2013, an datse layukan waya, muka yi makonni har cikin Yuli ba mai jin wani. Iyayenmu a Kano da Katsina da Sakkwato ba su san ko muna raye ba, kaya na hanya ba ka san inda suka kwana ba. Sannan ga ranar 29 ga Oktoba 2014 da garin ya faɗa hannun 'yan Boko Haram, aka watse cikin duwatsu, wasu Kamaru wasu Yola, kowa na neman inda zai samu sanda ɗaya ta sabis ya ji ko 'ya'yansa sun tsira. Wanda ya ga wannan ya san layin sadarwa ba kayan wasa ba ne. Ko a 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, har nan muka ji, bankuna suka yi ta tangal-tangal. Don haka mai hankali idan zai sayi rauta yakan tambaya ko tana karɓar layin kowane kamfani ko kuwa an ɗaure ta da guda, ya kuma ajiye layi na biyu na wani kamfanin daban. Ɗan kasuwa ba ya dogara da mota ɗaya a hanyar Yola.

A layinmu dai yanzu mun canza makullan biyu. Mun rubuta wayoyi goma sha ɗaya da aka yarda da su, mun buɗe layin baƙi da Alhaji ke kunnawa idan wani ya zo da buƙata ta gaske, kuma akwai kwali a bango da ake rubuta ranar da aka sa data da abin da ya rage duk Juma'a. Watan da ya wuce ta kai mu kwana ashirin da bakwai, da kuɗin da a da ba ya kai mu goma sha biyu. Samarin da ke zama a gindin bango sun ragu, ɗaya daga cikinsu ma ya daina gaishe ni, na kuwa yafe masa. Dattawan nan biyu sun koma gaisawa, ko da yake har yanzu ban ga sun koma kwano ɗaya ba, kuma wanda ya yi wa 'ya'yan mutane ƙazafi bai je ya ba su haƙuri ba tukuna. Ina fata zai karanta wannan.

Duk wanda ya san ni kuma yake so a duba masa tasa, ya same ni a shago bayan la'asar. Ya zo da rautar da wayarsa, kuma ya zo da kansa, kada ya aiko yaro.